Kifin da Ka Aiko wa 'Yar Firit

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sassauta maka wahalar aiki, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda kake. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Inna ta ɗan lafa, amma har yanzu in za ta hau benen nan sai ta tsaya a tsakiya ta riƙe ƙarfe, tana yi wa wanda ya gina gidan faɗa kamar yana gabanta. Maigidana an mayar da shi aikin asuba, sai mu wuni ba mu haɗu ba. Ni kuwa ka san lokacin da ake ciki. Hutu ya kusa ƙarewa, kowace uwa sai yanzu ta tuna ɗanta ya yi tsawo, shagon ɗinkinmu ya cika da kayan makaranta har babu wurin ajiye ƙafa. Ina dawowa gida bayana kamar ba nawa ba. Duk da haka na zaɓi in zauna in rubuta maka, domin a waya kana da wayon cewa layi ba kyau da zarar magana ta doshi inda ba ka so.

Maganar 'yarka ce, 'Yar Firit, da kifin da ka aiko mata. Amma bari in fara tuna maka inda muka tsaya. Bara da Allah Ya yi wa mahaifiyarta rasuwa, kai ka roƙe mu kada mu gaya mata. Ka ce yarinya ce ƙarama, a ce mata mamanta ta yi tafiya, kai da bakinka za ka zaunar da ita ka yi mata bayani in ka zo hutu. Ban so ba, amma na ga halin da kake ciki, na yi maka alkawari. Ka kawo ta wurina ka koma bakin aikinka. Hutu ya zo, ta shirya maka har da takalmin da za ta sa ta tare ka, sai ga saƙonka wai ba a ba ka dama ba. A madadinka sai ga abokinka direba ya hawo bene yana haki, hannu ɗaya leda cike da ruwa, ɗayan hannun kwanon gilashi, da ɗan gwangwanin abincin kifi a aljihu. Ya ce kyautar hutu ce daga Babanta.

Ba zan ɓoye maka ba, ta yi murna. Kifin ɗan ƙarami ne, launin lemo, da baƙin ɗigo a wutsiyarsa, kuma ta daɗe tana zagaya teburin tana leƙensa ta kowane gefe. Muka ajiye shi kusa da taga, inda rediyon Inna yake zama. Inna ta dube shi ta ce to, mun yi baƙo, shi ke nan sunan ya bi shi, kowa Baƙo yake ce masa. Abin da ba ka lissafa ba shi ne gidan da ka aiko shi. Ka manta da halin uwarka? Matar da ko mai gyaran famfo ba ya fita gidanta bai ci wani abu ba. Direban ya faɗa mana a riƙa ba kifin ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, Inna ta ce wannan rowa ce, ita ba a yin ta a gabanta. Da na juya baya sai ta marmasa masa burodi. In an ci shinkafa sai ta jefa masa ƙwaya. Kifi kuwa bakinsa ba ya rufuwa, ita kuma ta ɗauka roƙo yake yi. Ruwan ya riƙa yin fari yana wari, ni ce mai dawowa daga shago a gajiye in tsaya wankin kwanon kifi, alhali ko nawa kwanukan ban gama ba.

Ba abincin ne ma ya kashe shi ba. Wata safiya da aka tashi da sanyi, Inna ta dafa wa 'Yar Firit ruwan wanka, ta surka mata, ta yi mata wanka, ta tura ta wasa gidan maƙwabciyarmu ta ƙasa. Sai ta taɓa gilashin ta ji shi sanyi ƙalau. Tausayi ya kama ta, ta ce yaya za a yi kowa ya yi wanka da ruwan ɗumi a bar baƙo cikin ƙanƙara. Ta ɗebo sauran ruwan zafin ta surka masa. Ina kan keken ɗinki Inna ta kira ni tana kuka, wai kifin ya juya ciki sama. Ban san dariya zan yi ko kuka ba. Na kira ka, ka tuna abin da ka ce? Ka ce in yi maza in sayo wani irinsa kafin yarinyar ta hawo, kada ta sani.

Na ajiye ɗinkin mutane na tafi. Shagon yana can bayan kasuwa, wani ɗan lungu mai danshi, akwatunan gilashi jere har sama, ruwa yana ta ɓulɓula. Da na ce wa mai shagon ina son mai launin lemo da baƙin ɗigo a wutsiya, sai ya yi murmushi ya tambaye ni ko na farkon ne ya mutu. Ya ce shi a lokacin hutu sau biyu yake ganin iyaye, su zo sayen kyauta da fara'a, su dawo neman mai kama da ita a gurguje. Muka duba akwati bayan akwati, babu mai ɗigo. Na ɗauki wanda ya fi kusa na hawo mota da leda a cinya, ruwa yana zuba mini a zane. 'Yar Firit tana shigowa ta tsaya ta ƙura masa ido, ta tambaye ni ina ɗigon Baƙo. Na ce mata datti ne, ya wanke. Ta dube ni, ta dubi kifin. Ni da nake dukan nawa 'ya'yan a kan ƙarya, ga ni ina ɗinka wata a kan wata.

Tun daga ranar Inna ta janye hannunta. Ko kusa da teburin ba ta zuwa, rediyon ma ta ɗauke shi ta kai ɗaki. Yarinyar kuwa sai ta mayar da kifin abokin hira. Ina guga ina jin ta tana ba shi labari, wai in Mama ta dawo za ta nuna mata shi, wai Mama ta iya kitso ba ta ja da zafi kamar Gwaggo. Kuma duk lokacin da ta ji takun takalmin mace a matakala sai ta bar abin da take yi ta ruga bakin ƙofa. Kai ba ka ganin wannan. Ni ce nake ganin yadda take dawowa a hankali ta zauna. Shekara guda ke nan ina haɗiye abin nan, Auta, kuma wallahi ya tsaya mini a wuya.

Na biyun ma bai daɗe ba. Ban san me ya same shi ba, mun bi duk abin da mai shagon ya ce, har ruwan famfo muna bari ya kwana kafin mu zuba masa. Wannan karon ita ta fara gani. Ina kicin ina haɗa shayi ta zo ta ja mini zane, ta ce Baƙo yana barci a rigingine, in zo in tashe shi. Na je na gani. Ƙaryar tana nan a bakina a shirye, in ce barci yake yi, in tura ta ƙasa, in sake bin hanyar bayan kasuwa. Amma na kasa. Na durƙusa na ce mata ba barci yake ba, ya mutu, kuma wanda ya mutu ba ya tashi. Ta tambaye ni ko yana jin zafi, na ce ba ya jin komai. Muka naɗe shi a ƙyallen da ya ragu daga ɗinki, muka sauka bayan gida muka tona ɗan rami a gindin bishiyar da ake shanya kusa da ita. Ita ta mayar da ƙasar da hannunta.

Muna hawowa ne, a tsakiyar matakala, ta tambaye ni ko mai ɗigon ma mutuwa ya yi. Ashe duk kwanakin nan ta sani, ta ƙyale ni ne kawai. Na ce e. Ta ce to me ya sa na ce mata wankewa ya yi. Na ce don ba na son ta yi kuka. Da muka kai ƙofa sai ta ɗago kai ta tambaye ni ko maganar Mama ma don kada ta yi kuka ne.  Na yi maka alkawari, ban karya ba. Na ce mata wannan magana ce da Babanta zai yi da ita. Amma kai ma ka san yaron da aka ba wannan amsa ya riga ya ji abin da ya tambaya. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta shiga ta zauna gaban kwanon da babu komai a ciki sai ruwa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya biyo baya. Da la'asar Inna tana taje mata kai, sai yarinyar ta tambaye ta ko Baba ma ya mutu ne muke ɓoye mata. Inna ta ce subhanallahi, wa ya gaya mata haka. Ta ce ai shi ma ba ya zuwa, kuma ba ya magana, kullum mu ne muke cewa ya gaishe ta. Ka duba, ina ƙaryarta? Tun da ta fara tambayarka yaushe Mama za ta dawo, ka koma kira lokacin da ka san tana makaranta ko ta yi barci. Ka bar mana saƙo, mu isar. Na yi maza na ɗauko waya na ce mata bari ta ji muryarka yanzu. Na kira, ta yi ta ringi har ta katse. Na sake kira, haka. Tana tsaye tana kallon wayar a hannuna. Na ce mata aiki ne ya riƙe ka, kuma na ga a idonta ba ta yarda da ni ba. Ba ni da bakin da zan yi mata rantsuwa, ni da na ce ɗigo ya wanke.

Ba faɗa nake yi maka ba, ko kuma in ce faɗan ne amma na wadda ta goya ka. Na san abin da ka rasa. Na san ba rashin so ba ne, tsoro ne, kana gudun ranar da za ka furta kalmar da bakinka ta zama gaskiya. Inna ta lallaɓa ka tun kana ƙarami, mu ma muka taya ta, duk abin da ya yi nauyi sai mu ɗauke maka. Wannan kam ba ya ɗaukuwa. Na gaji, ƙanena. Na gaji da tsara labarin tafiyar da ba a dawowa, na gaji da kashe wa maƙwabta ido in sun yi suɓul da baka a gabanta, na gaji da hanyar bayan kasuwa. Kada ka aiko da wani kifin, ko tsuntsu, ko keke. Ranar da takardar nan ta same ka, ka kira da rana tsaka lokacin da idonta biyu, ka ce a ba ka ita. Sannan ka je wurin shugabanka ka gaya masa gaskiya, ka nemi ko 'yan kwanaki ne ka zo kafin a koma makaranta. In ba ka zo ba, ni da Inna za mu zaunar da ita mu gaya mata, don ba zan tura ta cikin yara da wannan a ranta ba. Amma ka sani za ta girma tana tuna wanda ya gaya mata da wanda bai zo ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci, kuma ka yafe mata kifin. Maigidana yana gaishe ka, haka Kawu da iyalinsa, da Gwaggo Ƙarama da ta leƙo mu makon jiya, da yarana duka. Maƙwabciyarmu ta ƙasa ma ta ce in miƙa gaisuwarta. Ka gaishe mana da abokan aikinka da wanda kuke ɗaki ɗaya. 'Yar Firit tana nan kusa da ni ina rubutun nan. Na tambaye ta ko in sa maka gaisuwarta, ta ce in bari tukuna sai ta ji muryarka.

Allah Ya tsare ka, Ya kawo mana kai lafiya.

Taka har kullum,
Yayarka