Almakashin Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Ni ma lafiya lau, sai dai tsayuwa wurin guga tana kumbura min ƙafa, amma ba komai.

Kin san Inna in tana tatsuniya, ba ta ambaton abu a banza. In ta ce akwai rijiya a bayan gida, to kafin ƙarshe wani zai faɗa. Jiya a waya, ana cikin hira, ta ce Baba ya ba maƙwabci almakashinsa na ɗinki. Almakashin da ko taɓawa ba ma yi! Tun lokacin hankalina bai kwanta ba, har na ƙona rigar mutane.

Don Allah kar ki ja min labari irin na Inna. Faɗa min ƙarshen. Baba yana iya tashi?

Ƙanwarki