Keken nan na Hassana ne

Unguwar Ali Kazaure, Jos
Oktoba, 1978

Zuwa ga ƙanena Labaran,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, Allah ya tsare mana kai a Legas. Mu ma lafiya lau, sai sanyin da ya fara shigowa.

Rigunan sanyin da ka aiko wa yarana sun iso, mun gode. Amma Labaran, duk uku awo ɗaya! Ka ce don kada wani ya ga an fifita wani. To, ta ƙaraminsu Jika har gwiwa take kai masa, Lukuman kuwa kansa ma ya ƙi shiga. Na yi dariya har da hawaye. Maƙwabciyarmu Atine ce ta warware zare daga ta ƙaramin ta ƙara wa ta babban, yanzu kowa ya ji ɗumi.

Maganar kekenka da ka bar musu ce ta sa na rubuto. Ka ce su riƙa hawa bi da bi, mun kuma bi umarninka. Sai dai mazan lafiyar ƙafa gare su, makarantarsu ga ta nan bayan gida. Hassana fa, tun shan innar da ta taɓa ta, tuƙa keke take iyawa, doguwar tafiya ce ba ta iyawa, kuma tata makarantar can wajen Farin Gada take. Ranar da ba tata ba, sai an kusa tashi take isa. Malaminta, Malam Dantong, ya zo gida da kansa, ya ce in haka ta ci gaba jarrabawar bana za ta wuce ta. Ita ko ba ta taɓa ƙorafi ba, cewa ta yi Kawu ya yi rabo daidai. Wannan magana ta sa ni kuka.

Na san zuciyarka, adalci kake nufi. Amma abin da ka yi da rigunan shi ka yi da keken. Ina roƙonka ka bar mata shi ita kaɗai. Na riga na tambayi mazan, Lukuman ya ce shi dama kunya yake ji ranar da ya hau ya wuce ta a hanya.

Inna Tabawa tana gaishe ka, yara ma haka. Ka gaida matarka. Hassana ta ƙi taɓa keken a ranar da ba tata ba sai ta ji daga bakinka, don Allah kada ka daɗe.

Taka yaya,
Balaraba