Ina Son Ta Ga Teku Kafin Idonta Ya Rufe

Gwaggo, ki taimake ni don Allah. Na ce Gwaggo ne saboda haka kowa ke kiran ki a wannan fili, ko da yake in aka baje takardun haihuwa wataƙila na ba ki shekara biyar. Ni ban saba kai kuka ba, a layinmu na kasuwa ni ake kawo wa. Amma wannan karon abin ya fi ƙarfin bakina, ga shi saura kwana goma jirgi ya tashi.

Sana'ata sayar da akwatuna da jakunkunan tafiya. Shekara ashirin da takwas ina rumfa ɗaya. Mutum na shigowa, kafin ya gama sallama na gane ko karatu za shi, ko neman magani, ko gudun wani yake yi. Na san akwatin da zai jure jifan ma'aikatan filin jirgi, na san wanda tayarsa za ta fice tun a cikin mota. Amma ni kaina ban taɓa sa ƙafa a jirgin sama ba.

Maiɗakina malamar firamare ce, ta yi ritaya bara waccan. Shekara goma sha tara da suka wuce wani kaya ya iso mini, kowane akwati da ɗan katin talla a cikinsa: hoton wani tsibiri a Bahar Rum, fararen gidaje sun hau dutse kamar an jera ƙwayoyin sukari, ga tsohuwar ganuwa can sama, ga ruwa a ƙasa kamar an zuba masa shuni. Ta ɗauki kati ɗaya ta manna a bayan ƙofar durowar kayanta. Ta ce ita ba ta yarda akwai ruwa mai wannan launi a duniya ba, aikin masu talla ne, ƙarya irin tamu ta 'yan kasuwa. Ni kuma da cika baki na ce zan kai ta ta gani da idonta, in ƙarya ce ta kama ni.

Ki ji gaskiya, ba rashin hali ne ya hana ba. Halina ne. A kasuwa na koyi cewa wanda ya nuna yana son kaya shi ake yanka. Sai ka taya, a ce albarka, ka juya kamar ka tafi, a kira ka. Da yara suka gama makaranta na ga babu sauran uzuri, sai na fara yi wa mai shirya tafiye-tafiye da ke saman benen bayan rumfarmu irin wannan wasan. Shekara uku ina hawa benen nan, in sha shayinsa, in kushe masa otal, in ce lokacin zafi cunkoso ne, lokacin sanyi kuma iska, in sauko a hankali ina jiran ya biyo ni. Ko sau ɗaya bai leƙo ba.

Wata biyu da suka wuce na lura maiɗakina ta fara buge kafaɗa da gefen ƙofa. Sau biyu tana tsiyaya shayi a kan faranti, kofin yana gefe. Muka je asibiti. Tana ɗaya ɗakin ana ɗiga mata magani likita ya zaunar da ni, ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci a ɓoye, daga gefe yake cinyowa yana nufo tsakiya. Na hagu saura kaɗan. Na dama kuma kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a rage wa sauran gudu, kuma wataƙila sai an yi aiki. Na roƙe shi ya bari ni in gaya mata a gida. Ya yarda, da sharaɗin kafin ranar da za mu koma masa.

A mota na ce mata likita ya ce ƙurar alli ce da gajiyar makin takardun yara. Bakin da ya sayar da akwatin roba a matsayin fata, wannan ƙaryar ba ta ba shi wuya ba. Ba ta ce komai ba.

Washegari na hau benen nan na biya kuɗin tafiyar ban taya ba. Mutumin har ya tambaye ni ko lafiya. Fasfo ya fito, biza ta fito. Ita tana ta murna, ta ba da ɗinki, tana gaya wa ƙawayenta a waya cewa tsohon marowacin ya tuba. Ni kuma na zauna da biro na tsara kwana tara babu hutu: ganuwar nan mai matakala ɗari uku da wani abu, kufan wani tsohon gari, gidajen tarihi biyu, wani kogo da ake shiga da kwalekwale, kasuwar masunta da sassafe, bakin ruwa uku, ɗaya mai farin yashi, ɗaya mai baƙaƙen tsakuwa, ɗaya kuma can ake zuwa kallon faɗuwar rana. Yadda nake cika rumfa in na ji kaya zai yanke, haka nake son in cika mata ido.

Ga inda gizo yake saƙar. Ranar komawa asibiti ta faɗo a kwana na huɗu na tafiyar. Ban gaya wa likita za mu yi tafiya ba, niyyata mu tsallake ranar, in mun dawo in san abin da zan faɗa masa. Sai babbar 'yarmu, wadda ke aiki a kantin magani, ta zo gida ta ga kwalbar maganin da uwarta ke ɗigawa a ido. Sunan kawai ta karanta ta gane. Ta same ni a rumfa, a gaban kwastoma ta fashe da kuka. Ta ce ko in gaya wa uwarta kafin Juma'a, ko ita ta gaya mata, kuma a fasa tafiyar gaba ɗaya.

Gwaggo, in na faɗa mata, duk abin da ta kalla a can bankwana za ta yi da shi, ko ma ta ce ba za ta ba, don na san ta. In na ɗaga tafiyar, wa ya ba ni tabbacin idon zai jira? Ni na ɓata shekara goma sha tara. Kwana tara kacal nake nema ta yi kallo da sakakkiyar zuciya. Laifi ne? Ki gaya mini yadda zan rufe bakin yarinyar nan, ko kuma yadda zan buɗe nawa.

Mai Akwatuna

*

Malam Mai Akwatuna,

Ba zan yi maka faɗa a kan shekarun da suka wuce ba, ka riga ka yi wa kanka. Tsoronka kuma ba na banza ba ne. Akwai labarin da in mutum ya ji, abinci ma ɗanɗanonsa canzawa yake, balle kallo. Abin da kake son ba ta abu ne mai kyau.

Amma idon nata ne. Kai ka ji maganar likita, ita ke buge kafaɗa da ƙofa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da ta yi shekaru tana gane yaron da ya kwafi aikin wani, kana ganin ta sayi zancen ƙurar alli? Shirun da ta yi a mota ya kamata ya tsaya maka a rai. Ba mamaki ta san da matsala, tana ɓoye maka tsoronta kamar yadda kake ɓoye mata naka, kowa na ɗauke da kaya shi kaɗai a gida ɗaya.

In kuma da gaske ba ta sani ba, haɗarin ya fi girma. Mai ganin gajiyar ido ce kawai zai iya manta maganinsa kwana biyu bai damu ba. Kuma kana shirin hawa da ita matakala ɗari uku, da tsallaka ta cikin kwalekwale, alhali ba ta ganin abin da ke gefenta, ba a kuma gaya mata ta yi hattara ba.

Maganar tsallake ranar asibiti kuwa, cire ta daga ranka. Kana son ta ga teku kwana tara, za ka sayar da ranar da za ta iya tsare mata ganin fuskar jikokinta na shekaru. Kai da kanka ka san wannan ciniki faɗuwa ne.

'Yarka ta yi gaskiya a kan faɗa mata, amma ta yi gaggawa a kan fasa tafiya. Wannan hukuncin ba nata ba ne, ba naka ba ne kai kaɗai, ba kuma nawa ba, don ni ba likita ba ce. Kada ka jira Juma'a, kada ka bari ta ji daga bakin 'yarta. Zaunar da ita gobe bayan karin kumallo. Fara da cewa wata biyu ke nan ka sani ka ɓoye, kada ka yi wa maganar ado. In ta yi fushi, ka shanye, haƙƙinta ne. Sannan ku uku ku je wurin likita cikin makon nan, ku nemi ya matso da ranar, ku ajiye masa ranar tashi da ta dawowa, ku tambaye shi ƙarara: a tafi yanzu, ko a yi aiki tukuna? In ya ce ku tafi, ku tafi. In ya ce aiki ne farko, ka koma benen nan a ɗaga tikiti.

Takardar da ka tsara kuma, miƙa mata biron. Ita ta san abin da take son gani, wataƙila ma ba ya cikin lissafinka. Wuri ɗaya a rana ya isa, da safe kafin rana ta yi ƙarfi, don hasken da ke tashi daga ruwa da farin yashi yana wahalar da irin wannan ido. Ku nemi masauki kusa da ruwa, wanda ba shi da hawa da sauka. Maganinta ya zauna a jakar hannu, ninki biyu na abin da take bukata, tare da takardar likita. Ku gaya wa masu inshorar tafiya gaskiyar ciwon. A saya mata baƙin tabarau mai kyau. Kai kuma ka riƙa tafiya ta hagunta, hannunta a kafaɗarka, kana faɗa mata matakala kafin ƙafarta ta kai.

Mai yiwuwa ta yi kuka a bakin ruwan nan. Bar ta ta yi, kana kusa, ta san kuma dalilin da ya sa kai ma idonka ya cika.

Allah Ya ba Malama lafiya, Ya tsare mata abin da ya rage na ganinta, Ya ba ka ƙarfin halin maganar gobe. In tafiya ta tabbata, Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.

Gwaggo