Wuƙar da Na Aiko da Wadda Ban Aiko Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Zakiru, ɗan ƙanena marigayi Yahya. Gaisuwa mai yawa da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da mahaifiyarka Tasallah da matarka da yara. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Yahya, ya sa ya huta, ya karɓi shahadarsa da ta duk waɗanda aka kashe tare da shi. Ni ce gwaggonka Azumi ke magana daga Ƙuba, Raliya matar ɗana Sharfuddeen ke rubutawa, na ce mata kar ta gyara mini ko kalma ɗaya. Mu nan alhamdulillahi. Gwiwa ce dai ta hana ni zuwa Harami sai ranar Juma'a, shi ma a kan keken guragu. Sharfuddeen yana nan yana shugul ɗinsa na ɗaukar kaya a filin jirgi, 'yata Najiba ta haihu, mace, an sa mata Sundus.

Na ji saƙonka a waya, na sa an maimaita mini shi har sau uku. Ka ce tunda aka ƙona garinmu kuka koma sansanin 'yan gudun hijira ba ku da gatari ba ku da adda, itacen girki sai an karya da ƙafa, in aiko maka wuƙar nan ta mutanen Nefal da ka gani a akwatina a ɗakin Baba Maigandi shekarar da ka zo Umra. Ka kuma ce doguwar kake so, siririyar. To Zakiru, wuƙaƙen biyu ne, kai ma ka san haka, don dukkansu ka riƙe. Kafin in faɗa maka wadda na ba Halimatu Sa'adiya, mai komowa gida daga nan, ta taho maka da ita, zauna ka ji yadda suka shigo gidana, don ban taɓa ba ka labarin ba.

Mijina Maigandi shekara goma sha ɗaya ya yi yana aiki a wata mazra'a can bayan Bi'ir Ali, gonar dabino ce da garken tumaki. In sanyi ya shigo mai gonar yakan kafa tantuna, 'yan uwansa su fito daga gari su yini, a yanka rago a yi shinkafa. Maigandi ne mai faskare da feƙe turakun tanti da sara ƙashi, ni kuma ana ɗauko ni in taya girki. Akwai wani abokin aikinsa mutumin Nefal, sunansa Man Bahadur, gajere ne, ba ya yawan magana. Ba Musulmi ba ne, shi ya sa duk zamansu bai taɓa taka ƙofar gidanmu ba, a lokacin in sun taho a mota wajen allon iyakar Harami yake sauka. Yana da wata lanƙwasasshiyar wuƙa da yake kira kukuri, da ita yake komai. Itacen samur da ke ƙin gatari, shi sau uku zai sara ya rabu.

Maigandi ya yi sha'awa. Wata Juma'a ya je kasuwar gwanjo ya dawo da tasa, tana walƙiya kamar madubi, ƙotar an yi mata ado da tagulla, a gindinta har da kan zaki. Ya kai gona yana nuna wa kowa. Ina wurin Man Bahadur ya karɓa ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya girgiza kai. Da ɗan Larabcinsa na gona ya ce wannan ta rataye a bango ce, don baƙi ake yin su, kar ya sari komai da ita. Ya jawo tasa ya ajiye kusa da ita ya nuna mana, kuma har yau ina ganin yatsansa a kai.

Ya ce farko a duba bayan wuƙar, wajen ƙota ya kai kaurin ƙaramin yatsa, ya riƙa sirancewa zuwa baki. Ta Maigandi kaurinta ɗaya daga sama har ƙasa, kamar an yanko ta daga marfin tukunya. Ya ce a duba ƙotar, ta aiki za ka ga ƙarfen ya ratsa ta har gindi, katako biyu sun rungume shi, an buga ƙusa uku. Wadda ba ka ga ƙarfen ba, ka tambaya ko ya fito ta gindi an dake shi, in ba haka ba ɗan tsinke ne aka cusa aka liƙe da danko. Ya ce a ɗora ta a kan yatsa a ji inda nauyin yake, ta itace nauyinta a cikinta yake, wurin nan mai faɗi, ita ke faɗawa da kanta, hannu rakiya kawai yake yi. Kuma ta gaskiya ba ta da kyau, za ka ga sawun gudumar maƙeri, don da ƙarfen sifirin na tsohuwar mota suke ƙera ta. Har ɗan gurbin nan da ke kusa da ƙota ya nuna mana, ya ce a ta kasuwa zane ne kawai.

Maigandi, Allah ya gafarta masa, akwai taurin kai. Ya ce kishi ne, don tasa ta fi kyau. Bayan kwana huɗu, da hantsi, yana sarar kututture ya taka shi da ƙafar hagu, ya ɗaga ya kai sara, sai ƙotar ta tsaya a hannunsa, ƙarfen ya fice ya daki itacen ya dawo ya shige masa ƙauri. Ina tsaye da tire a hannuna. Man Bahadur ne ya yage rigarsa ya ɗaure, ya goya shi har mota, ya raka mu har allon nan, ya sauka ya tsaya a rana yana kallonmu muka wuce. Ka san Baba Maigandi yana da ciwon suga. Ciwon ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya yi wari, bayan wata biyar aka yanke ƙafar daga gwiwa. Abin da ya sa ka same shi a zaune ke nan, ba hatsarin mota ba ne kamar yadda ya riƙa faɗa wa baƙi. Kunya yake ji.

Da Man Bahadur zai koma ƙasarsu gaba ɗaya, ya aiko aka kai mu gona. Ya fito da wuƙa biyu a naɗe cikin tawul. Gajeriyar mai faɗin ciki, ta aikinsa, ya ba Maigandi ya ce ko a zaune zai iya feƙe turke da ita. Sai ya warware doguwar, wadda ba mu taɓa gani ba. Ya ce wannan siririya ce kamar ganyen ciyawa, ba ta da ciki, in ka sari itace da ita maƙalewa take yi, ba ta faskare. Ya ce ta ƙaninsa ce. Lokacin da aka yi yaƙi a ƙasarsu an kashe mahaifinsu a gona, ƙanin ya ce wa uwarsu zai je yankan ciyawa, ya ɗauki wuƙar ya bi masu shiga daji. Bayan wata biyu aka kawo wuƙar, shi ba a kawo shi ba. Man Bahadur ya ce ya taho da ita nan ne don akwai sauran ƙane ɗaya a gidan, kuma ba zai mayar da ita ba, don yanzu 'ya'yansa sun girma. Ya roƙe ni, ni ba Maigandi ba, in ajiye ta inda hannun namiji ba zai kai ba. Na yi sakaci ranar da na bar ka ka buɗe akwatin nan.

Zakiru, kai ɗan manomi ne, tun kana shekara bakwai kake faskare. Ka riƙe su duka biyun, ka san wadda ke cin itace. Da itace kake nufi da gajeriyar ka tambaya. Tun kafin Tasallah ta kira ni tana kuka ta ce ka daina cin abinci a gida, kullum kana wajen mutanen nan masu shirin komawa daji neman waɗanda suka kashe Yahya, ni na riga na gane daga kalmar nan taka, doguwar. Ba na ce ba ka da gaskiya a zafin da kake ji ba. Yahya a bayana ya girma, ni na yaye shi, kuma ko gawarsa ban gani ba, a waya aka faɗa mini ina wanke shinkafa. Amma ku uku ne maza, Lurwanu an kashe shi tare da babanku, Rilwanu har yau ba a san inda yake ba. Kai kaɗai ka rage wa mata huɗu da yara shida a cikin tanti. Kuma waɗanda za ku nema ɗin masu bindiga ne, Zakiru.

Na san za ka ce ai ka ji ana cewa irin wuƙar nan in an zare ta ba a mayar da ita kube sai ta sha jini. Maigandi ma ya tambayi Man Bahadur haka, shi kuwa ya yi dariya, ya ce a garinsu mata ke fere kabewa da ita, da haka ne da babu mai yatsa ko ɗaya.

To ga abin da na yi. Gajeriyar tana cikin kayan Halimatu Sa'adiya, waɗanda ake sawa a cikin jirgi, na ce ta damƙa ta a hannun Tasallah, ita za ta ba ka da safe ta karɓa da yamma. A bayan kuben akwai 'yan ƙananan wuƙaƙe biyu. Mai kaifin ta yanka albasa ce da igiya, ka ba matarka. Dakusasshiyar ba lalacewa ta yi ba, da ita ake goga bakin in ya lanƙwashe. In za ka zare, riƙe kuben ta baya, kar ka naɗe yatsunka ta wajen kaifi, don fatar ta tsufa ta tsage. Ka sara a karkace, kuma kar ka taɓa taka itacen da kake sara. A riƙa shafa mata mai.

Doguwar kuma, ranar Talata na sa Sharfuddeen ya tura ni har wurin masu walda. Mutumin ya yi ta roƙo in sayar masa, ya ce haramun ne a lalata irin wannan. Na ce ya yanka. Ya sa injin ya raba ta uku ina kallo. Biyu na bar masa a cikin tarkacensa. Na ukun, wajen tsinin, na ce ya dakushe shi, yana ƙulle a bakin tawul ɗin da za a kawo maka, don kar ka ɗauka ɓoyewa na yi ka sake aiko mini saƙo. In ka yi fushi da ni, yi. Na fi son ka yi shekara ba ka gaishe ni ba kana raye. Na san kuma in ka ƙudura za ka samu wani ƙarfen a can, ba ni da ikon hanawa daga nan. Amma ba daga akwatina ba.

Ka gaishe mini da Tasallah ƙwarai, ka ce ina yi mata addu'a a Rauda duk ranar da aka samu aka shigar da ni. Ka gaida Mariam matarka, da matar Lurwanu, da 'yar tsohuwa Inna Raliya in tana gane mutane, da yara duka, musamman Wafa mai sunan jikata. Sharfuddeen da Najiba suna gaishe ku. Na sa dabino da ruwan Zamzam da man zafi na ƙafar mahaifiyarka.

Ranar da kayan suka iso, ka faskara itace ka sa Mariam ta ɗora tukunya, sannan ka kira ni in ji muryarka daga cikin tantin. Ina nan zaune da wayar a cinyata.

Wassalam.
Gwaggonka, Azumi matar Maigandi, Ƙuba, Madina.