Wayar Ƙarfe a Jitar Baba

Afriyie,

Na tafi Anloga wurin kafinta da jitar marigayi Baba. Jiya ƙanenki Boakye, gwanin banza, ya cire mata tsirkiyar roba ya ɗaura ta ƙarfe, wai "Yaya, yanzu za ka ji ƙara." Da safen nan na tarar wuyanta ya lanƙwashe, katakon gaban ya fara tsagewa. Jita bakwai gare ni, wannan kaɗai ce babu irinta a kasuwa.

Na kulle ɗakin jitocin, makulli yana aljihuna. In ya zo ki ba shi fufu, amma kada in dawo in same shi. Wayar ƙarfen tasa tana bakin ƙofa, ya kwashe ya je ya shanya wando a kanta.

Ofori