Zakarana Bai Taɓa Shan Giya Ba

Anti Zarina, assalamu alaikum. Ki yi mini afuwa da na ɗora miki wannan 'yar damuwa, alhali na san masu rubuto miki suna da matsalolin da suka fi tawa nauyi nesa ba kusa ba. Tawa ta tukunya ce. Amma ta hana ni sakat, don Allah ki taimake ni.

A garin Katanning nake. Tun da autarmu ta tafi karatu birnin Perth gidan ya yi mana faɗi, ni da maigidana Pak Rosli, wato Baban Rosli a yarenmu. Wata rana a shagon gwanjo na ci karo da wani tsohon littafin girkin Faransawa mai kauri kamar bulo, na saya don hotunan kawai. Shi ke nan, na faɗa. Ni da na tashi a kan shinkafa da madarar kwakwa da yaji, yau ga ni tsaye a kan albasa ina juya ta a 'yar wuta har ta yi kalar zuma. Na gane cewa Bafaranshe ba ya gaggawa, kuma ba ya tausayin bota. Da na fara gwada sufle, wani kek ne na ƙwai mai kumbura, ya tashi gwanin sha'awa, ina fito da shi ya lotse. Pak Rosli ya leƙa ya ce tayar ta yi faci. Ya ma daina kirana Mak Rosli, wato Maman Rosli, yanzu Madam nake. In ya dawo daga aiki a mayanka sai ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaya ko yau akwai abinci, ko kuwa Faransanci za a ci. Amma ban taɓa ganin ya rage ba.

Aibin littafin ɗaya ne: kusan kowane shafi sai an ce a tsiyaya giya. Ni kuwa malamin da ya koya mini karatu ina ƙarama ya ce abin da zuciyarka ta yi kokwanto a kai, ka bar shi. Na san akwai masu cewa wuta tana ƙone ta. Ban yi musu da kowa ba, ban dai saka ba. Na yi ta gwaji har na dace: jus ɗin baƙin inabi, ɗan khal, ruwan tsamin nan, don ya karya zaƙin, romon ƙashi da na dafa da kaina, da kyafaffen naman sa a madadin na alade. Da haka nake yin coq au vin, wato zakara a cikin giya. Nawa zakaran dai bai taɓa sha ba.

To, ina da maƙwabciya, Noelene. Shinge ɗaya ya raba mu tun yaranmu na rarrafe. Ita ke miƙo mini lemon tsami, ni ina miƙa mata kayan Sallah, kuma lokacin da aka yi mini aiki ita ta riƙa kai yarana makaranta. Mijinta Des ya rasu bara, tun daga nan abincinta ya koma shayi da burodi. Sai na kai mata kwanon zakaran nan. Ta tambayi sunansa, ni kuma, Allah ya yafe mini son burgewa, na karkace baki na faɗa da Faransanci yadda nake ji a talabijin. Ta cinye tas, har ta suɗe kwanon da burodi. Ta ce rabonta da irinsa tun suna amarci. Sannan ta kashe mini ido ta ce, "Ashe ke ma 'yar gari ce, ƙawata, ana ganinki shiru-shiru!" Na ɗauka yabon girki ne, na yi dariya. Sai da na dawo gida na gane abin da take nufi: ta ɗauka da giya na dafa shi.

Ban gama shawarar yadda zan gyara ba sai ga ta da kwalbar giya a naɗe cikin tawul kamar jariri. Des yana da 'yar gonar inabi wajen Frankland, kuma wannan ce kwalba ta ƙarshe cikin waɗanda ya haɗa da hannunsa. 'Ya'yanta za su zo ƙarshen watan nan, cikar shekara da rasuwarsa, tana so in dafa musu zakaran da ita, kowa ya ɗanɗani wani abu daga hannun babansu. Ta ce ba ta yarda kowa ya taɓa kwalbar ba sai ni. Idonta ya ciko. Anti, sai na miƙa hannu. Na karɓa.

Yanzu tana gareji, bayan injin yankan ciyawa, don na kasa shigar da ita ɗakin girki. Pak Rosli in zai fita sai ya ce bari ya gaida baƙuwar Madam. Shawararsa wai in yi girkina yadda na saba, in tuttular da kwalbar a gindin bishiya, wa zai sani? Ni zan sani. Kuma gumin Des ne, ba nawa ba. In dafa da ita, ba zan iya ba. In mayar, ina tsoron ta ji kamar na kira abin hannun mijinta ƙazanta, ta daina leƙo ni.

Har ta fara tambayata zakara nawa za a saya. Don Allah ki ba ni amsa da wuri.

Mai Zakara, Katanning

Wa alaikumus salam, Mai Zakara.

Ki daina ba da haƙuri, damuwar maƙwabci ba ƙarama ba ce. Ki gaida mini Pak Rosli, ki ce na ji daɗin barkwancinsa amma ban karɓi shawararsa ba. Ranar taron Noelene za ta miƙe a gaban 'ya'yanta ta ce ga ɗanɗanon babanku, ke kuma kina tsaye da ludayi kin san jus ne. Ba za ki iya haɗiye wannan ba, kuma ba ta cancanci haka daga gare ki ba.

Ki duba ta nata ɓangaren. Ba gwada ki take yi ba. Ta san ba kya sha, ta dai ɗauka hukuncin tukunya daban ne, kamar yadda mutane da yawa suke ɗauka, sunan da kika faɗa kuma ya tabbatar mata. Ke ma ba ƙarya kika yi ba, kunya ce ta riƙe miki harshe. Amma shirun nan kullum ƙara nauyi yake, kuma in kika bari sai ana gobe taro, kin haɗa mata rashin jin daɗi da rashin mafita.

Saboda haka ki je cikin makon nan, ke kaɗai, da kwalbar a naɗe yadda ta zo. Kada ki fara da halal da haram, ba wa'azi ta zo nema ba. Ki fara da cewa kin san girman abin da ta damƙa miki. Sannan ki gaya mata kai tsaye: zakaran da ta suɗe kwanonsa babu ko ɗigon giya a ciki, haka kike girkinki, haka kuma za ki yi wa 'ya'yanta in tana so. Wataƙila ta fashe da dariya. Wataƙila kuma ta ji kunya. In haka ne, ki bar ta ta huce, kada ki cika ta da bayani.

Abin da za ta yi da kwalbar tsakaninta ne da 'ya'yanta. Abin da take nema a gurinki shi ne hannun Des ya shiga tukunyar. To ki tambaye ta me ya shuka a bayan gida. Mai gonar inabi ba ya rasa ɗan ganyen ƙamshi ko tafarnuwa, ki ce ta tsinko miki da kanta.

Nan gaba kuma, in an tambaye ki sunan girki, ki faɗi abin da ke ciki kafin ki karkace baki.

Matar da ta iya ba ki kwalbar mijinta ta ƙarshe za ta iya karɓar gaskiya daga bakinki. Allah ya ba ta haƙuri, ya bar ku tare, ya sa albarka a tukunyarki.

Anti Zarina