Ƙarfen Auta Ya Ƙi Tsinkewa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sauwaƙe ciwon gwiwar nan da kake ɓoye mana amma matarka take tona maka asiri a waya. Mu nan lafiya lau. Maigida ya warware, har ya koma faɗa da rediyo, ni kuma ina nan bisa keken ɗinkina, idona ne kawai ya fara gardama da zaren allura.

Maganar 'yata Auta ce ta sa na zauna rubutu, don idan a waya ne za ka katse ni kamar yadda ka saba. Ka san yadda binciken nan na jami'a ya wahalar da ita, har ta ce in gwajin wannan zangon bai yi ba ta haƙura, ta zo ta kama aikin da ka tanadar mata a kamfaninka. Ni ma na goyi baya, don na gaji da ganin yarinya tana ramewa a kan guntun alminiyam, irin wanda ake yin tukwane da shi. To ranar gwajin ta ce lallai sai na raka ta, wai ba ta son ta sha kunya ita kaɗai.

Yaya, na ga ikon Allah a ɗakin gwajin nan. Akwai wani injin matsa mai tsayi har kusa da rufi. Ta nuna mini yadda suke cusa sandar alminiyam ta wani rami mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu, ta fito, a juya ta, a sake cusawa, haka dai har ƙwayoyin da ke cikin ƙarfen su farfashe su zama ƙanana ƙwarai. Ni ban taɓa sanin ƙarfe yana da ƙwayoyi ba. Ta ce in sun yi ƙanƙanta sosai kuma aka ɗumama ƙarfen, sai su riƙa zamewa a jikin juna, ya yi ta miƙewa maimakon ya tsage. Irinsa ake son a riƙa hura wa iska ya ɗauki siffar ƙofar mota daga falle ɗaya ba walda. Abin da ya dinga kayar da ita shi ne da zafi ya taɓa ƙwayoyin sai su sake girma, ƙarfen ya ɓalle. A wannan karon ta gauraya masa ɗan wani sinadari da zai hana su girman, ta faɗa mini sunansa amma harshena ya ƙi ɗauka.

Aka ɗaura wani ɗan guntu da bai wuce gaɓar yatsa ba a jikin wani injin daban mai jan ƙarfe, aka rufe shi cikin murhun lantarki, injin ya fara ja a hankali. Jan nan ko kaɗan ba ya sauri, har gyangyaɗi na fara a kujera. Auta kuwa ta ƙura wa allon kwamfuta ido tana cin farce. Mai kula da injin, wani dattijo mai barkwanci, ya ce mini in na ji ƙas to in shirya rarrashi. Muka yi ta jiran ƙas, shiru. Can injin ya yi ƙara ya tsaya cak. Na ce shi ke nan ta lalata musu kaya. Ashe ja ya yi har ya ƙure iyakarsa, ƙarfen bai tsinke ba!

Da ya huce aka fito da shi, siriri sumul kamar an ja cingam, ya kusa kamu guda. Auta ta riƙe shi tana dariya tana kuka, ta rungume ni da safar hannunta mai baƙin mai, ta ɓata mini mayafi, ban ko damu ba. Malaminta ya shigo da gudu, babban mutum da furfurarsa, ya ce yanzu matsalarsu ɗaya, ba su san iya tsawon da zai kai ba, sai an yanka guntu mafi gajarta an sake. Wallahi daɗi ya kama ni.

To Yaya, ga abin da ya kawo ni. Auta ba za ta zo ba. Ta kasa faɗa maka da bakinta saboda nauyinka da take ji, ta san ka hana wasu kujerar don ita. Ina roƙonka kada ranka ya ɓaci, ka ba wani mai buƙata, ka sa mata albarka. Ni da na riga na yanka mata kayan zuwa ofis na ninke su na ajiye, jiya na sayo farin yadi, don rigar ɗakin gwajinta duk ta ƙone a hannu.

Ka gaishe da matarka, da 'yan biyu, da Goggo in ka leƙa ta. Maigida yana gaishe ka. Auta tana nan tsaye a kaina, ta ce in tambaye ka ko ta iya kiranka ranar da wasiƙar nan ta iso. Na ce mata kai za ka riga ta kira.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Maman Auta